Wa Ya Ce Mulki Ba Ruwan Talaka?



Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutanenmu. Ana jin ta a kasuwa, ana jin ta a bakin rijiya, ana jin ta a dandali bayan sallar isha'i. In an ce wa mutum: "Zo mu tambayi inda kuɗin harajinmu suka shiga," sai ya kaɗa kai ya ce: "Ina ruwan talaka da mulki? Wannan sha'anin manya ne." In ka matsa masa, sai ya ƙara da cewa: "Ai duk zancen nan na doka da shawara da zaɓe, Nasara ne ya kawo shi. Zanen aro ba ya rufe katara."

Wannan magana ƙarya ce, kuma tana cutar mu. Ita ce ke sa a nome burtali muna kallo. Ita ce ke sa hatsin rumbun tsimi na gari ya ƙare, ba a san wanda ya ci ba. Wanda ya fi kowa jin daɗinta shi ne mai hannu a cikin tukunyar jama'a.

Tun da an ce abin na Nasara ne, to, mu bi sawunsa har gida. Shi kansa Nasaran Faransa gado ya ci daga wasu mutanen dā, Girkawa da Rumawa. Mu je mu ga su wane ne suka sha wahala kafin a samu doka a rubuce. Za ku ga manoma ne irinku, masu gona da bashi a wuya.

Sunayen da muke ji kullum

Sunan ƙasarmu Jamhuriyar Nijar, tun ran 18 ga Disamba 1958. Kalmar da Faransawa ke faɗi a madadin "jamhuriya" daga harshen Rumawa ta fito, ma'anarta "abin jama'a". Dimokuraɗiyya kalmar Girkawa ce, ma'anarta "ikon jama'a". Parfe, wanda ke zaune a Madawa ko Buza ko Keita, sunan muƙaminsa na Rumawa ne, ma'anarsa "wanda aka sa gaba". Gwamna, wanda ke Tawa, asalin sunansa "matuƙin jirgin ruwa". Ƴan'uwanmu na Najeriya suna da sanata da majalisar dattawa. A Rum aka fara kiranta haka, kuma kalmar daga "tsoho" ta fito.

Kun ga sunayen sun iso mana lafiya lau. Abin tambaya, ina abin da ke cikinsu?

Girka da Rum suna arewa da mu, bayan hamada, a ƙetaren tekun da ake kira Bahar Rum. Shekarun da za ku gani a nan na kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihissalam. Lissafinsu baya-baya yake tafiya: 594 ta riga 508 zuwa.

Atina: bashi da gona

Atina babban birni ne na Girkawa. A can dā, ƴan gidajen manya ne kaɗai ke mulki, su ne kuma ke shari'a. Doka tana cikin kansu. Talaka ya ci bashin hatsi, damina ta ƙi, sai a kafa dutse a gonarsa, alamar jingina. In bashin ya yi nauyi, a kama shi da ƴaƴansa a sayar. Wa ya san zafin wannan kamar wanda ya taɓa sayar da albasarsa tun tana cikin garka, don ya ci abinci?

Da gari ya kusa kamawa da wuta, a shekara ta 594 aka ba wani mutum mai suna Solon iko ya gyara. Ya yafe basussuka. Ya sa aka tuge duwatsun jingina. Ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi. Ya sa aka rubuta dokoki a kan allunan itace, aka kafa su a fili.

A 508 wani mai suna Kilisten ya ƙara gaba. Ya raba mutanen ƙasar kashi goma, ya gauraya na birni da na ƙauye da na bakin teku, don kada dangi ɗaya ya danne saura. Kowane kashi yana ba da mutum 50, su zama majalisa ta mutum 500. Da ƙuri'ar sa'a ake fitar da su, shekara ɗaya suke yi, kuma ba a yi wa mutum fiye da sau biyu duk rayuwarsa. Babban taron ƴan gari kuwa a kan wani tudu ake yinsa. Daga baya ya kai kamar sau 40 a shekara. Maƙeri da majemi da manomi, kowa na iya tashi ya yi magana, sannan a ɗaga hannu. Har suka riƙa biyan ɗan kuɗi ga wanda ya bar aikinsa ya zo, don kada talauci ya rufe masa baki.

Ga abin da ya fi muhimmanci. Duk wanda ya riƙe muƙami, in shekararsa ta ƙare, sai ya kawo lissafi. Nawa ya shiga hannunka? Nawa ya fita? Ina saura? Kafin a wanke shi, ba shi da izinin barin ƙasar. Kowane ɗan gari na iya kai ƙararsa.

Tsingaro da suna

Mutanen Atina suna tsoron mutum ɗaya ya yi ƙarfi har ya hau kansu. Saboda haka, sau ɗaya a shekara suna iya korar wanda suke tsoro. Kowa ya ɗauki tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, ya kanƙara sunan mutumin a kai. In ƙuri'u sun kai 6,000, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari shekara goma. Ba a taɓa dukiyarsa.

Wani marubucinsu mai suna Fulutak ya ba da labarin wani dattijo, Aristid, wanda ake wa laƙabi da mai adalci. Ranar ƙuri'a, wani baƙauye da bai iya rubutu ba ya miƙa masa tsingaro, bai san ko shi wane ne ba. Ya roƙe shi ya rubuta masa sunan Aristid. Dattijon ya tambaye shi abin da Aristid ya yi masa. Baƙauyen ya amsa cewa bai ma san shi ba, ya dai gaji da jin ana yabonsa. Aristid ya rubuta sunan kansa ya miƙa masa, aka kore shi.

Baƙauyen ya yi sa'a, ya faɗa hannun mai gaskiya. Ba kowa ke samun haka ba. A 1937 ta zamaninmu, masu tonon kayan tarihi sun samu tsingaro kamar 190 a cikin wata tsohuwar rijiya a Atina. Duk suna ɗauke da sunan mutum ɗaya, Temistokal. Da aka duba rubutun, sai aka ga hannun mutum 14 ne kawai. Masana da yawa suna ganin wasu ne suka zauna suka shirya su, don a raba wa jama'a.

Ashe tsohon ciwo ne! Mai shirya maka ƙuri'a a gida, mai ce maka "dangwala yatsa a nan, kada ka damu," kakansa yana nan tun shekaru dubu biyu da ɗari biyar.

Rum: ranar da talakawa suka yi ƙaura

Rumawa sun kori sarkinsu na ƙarshe a 509. Suka ce daga yau shugabanni biyu za a riƙa zaɓa, shekara ɗaya tak, kowane na iya tsayar da ɗan'uwansa. Amma duk wannan tsakanin manya ne. Talaka shi ke zuwa yaƙi. In ya dawo, gona ta zama saura, bashi ya hau kansa, mai bashi ya sa masa mari.

A 494 talakawa suka ce ya isa. Ba su ƙone gidan kowa ba. Sun tattara, suka fice daga birni, suka sauka a kan wani tudu. Ba mai noma, ba mai ɗaukar mashi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: manya suka aiko a yi sulhu.

Abin da talakawa suka samu shi ne wakilai nasu na kansu, waɗanda su ke zaɓa. Wakilin talakawa, ba a taɓa jikinsa. Ƙofar gidansa a buɗe take dare da rana. In wani babba zai zalunci talaka, wakili ya tsaya ya ce "na hana," sai magana ta tsaya. Wannan kalma ta Rumawa har yau tana aiki. Ita ce kujerar na-ƙi da manyan ƙasashe biyar ke hawa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ku dubi yadda duniya ke juyawa: makamin da talaka ya ƙera ya koma hannun masu ƙarfi.

Alluna goma sha biyu

Talakawan Rum ba su tsaya nan ba. Suka ce: "Dokar da ke cikin kan alƙali, yau tana nan, gobe tana can. A rubuta ta." A 451 da 450 aka rubuta dokoki a kan alluna goma sha biyu, aka kafa su a tsakiyar kasuwar birni. Yara suka riƙa haddace su.

Me ke cikinsu? Abin da ke kai mu ƙofar sarki kowace damina. Faɗin hanyar da ta ratsa gona: taki takwas a miƙe, goma sha shida a kwana. In dabbarka ta yi ɓarna, ka biya ko ka ba da dabbar. In reshen itacen maƙwabci ya rufe maka gona, a sare shi zuwa wani tsawo. In ƴaƴan itacenka sun faɗa gonar wani, kana iya zuwa ka tsince. Iyakar gona, ruwan sama mai gangarowa daga gonar wani, gado, bashi, duk an faɗa.

Wasu dokokin masu tsanani ne ƙwarai. Har an rubuta cewa talaka ba ya auren ɗiyar manya. Amma dokar da aka rubuta, ana iya nuna ta da yatsa a ce ba ta yi ba. Shekara biyar bayan haka, a 445, aka soke wannan hani. A 367 aka yarda talaka ya zama shugaba. A 287 aka ce abin da taron talakawa ya yanke ya hau kan kowa. Shekara sama da ɗari biyu suna ja, kaka ya bar wa jika.

Kada a ruɗe mu da yabo

Wasu ƴan boko suna zancen Girka da Rum kamar aljanna. Ba haka ba ne. A Atina mace ba ta da baki a taro, haka bawa, haka baƙo ko da a garin aka haife shi. Masu ƙuri'a ba su kai ɗaya cikin biyar na mazauna ƙasar ba. Taron masu shari'a na Atina ne ya yanke wa malaminsu Sokarat hukuncin kisa a 399. Rum kuwa da takobi ta ci ƙasashe. A 146 ta rushe Kartaj, babban birni na Afirka, a inda Tunisiya take yanzu, ta sayar da mutanensa.

Ku kuma ji yadda Rumawa suka yi asarar abin da suka samu. Masu kuɗi suka mamaye filayen jama'a, suka zuba bayi suna noma musu. A 133 wani wakilin talakawa, Tiberiyus Girakus, ya kawo doka: kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kamar hekta 125 na filin jama'a, a raba saura ga marasa gona. Manya suka kashe shi da sanduna, tare da magoya bayansa wajen 300. Daga nan jini ya buɗe. Sayen ƙuri'a ya zama sana'a. Sojoji suka koma bin mai biyansu. Yuliyus Kaisar ya shigo da rundunarsa a 49. A 27 magajinsa Agusta, wanda watan Agusta ya ci sunansa, ya tattara iko duka a hannunsa. Bai rushe majalisar dattawa ba. Ya bar sunaye yadda suke, ya kwashe abin da ke ciki. Rumbu yana tsaye, gara ta cinye hatsi.

Yadda abin ya iso mana

Dokokin Rumawa ba su mutu ba. Tsakanin 529 da 534 bayan Annabi Isa, sarki Justiniyan ya sa aka tattara su cikin manyan littattafai. Malaman shari'a na Turai suka yi ta karanta su ɗaruruwan shekaru. A 1800 Napoleyon na Faransa ya naɗa parfe a kowane lardi. A 1804 ya fitar da kundin dokokin zaman jama'a, mai jijiya a dokokin Rum. Daga wannan kundi aka ɗebo da yawa daga cikin abin da alƙalan gwamnati ke aiki da shi a Nijar.

To, amma me Nasara ya kawo mana da ya zo? Birnin Ƙonni ta ga abin da ya kawo a 1899, lokacin da rundunar Bule da Shanuwan ta ƙone ta. Ya kawo kwamandan, ya kawo lanho, ya kawo aikin tilas. Ya yi mana doka ta daban, wadda ta ba kwamandan ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Sai a 1946 aka soke ta, ita da aikin tilas. Sai a 1956 aka ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a. Wato Rum ta takobi ya sauke mana. Rum ta alluna da wakilin talakawa, a gida ya bar ta.

Saboda haka mai cewa "Nasara ne ya kawo zancen haƙƙin talaka" ya ba Nasara ladan da bai yi aikinsa ba.

Mu ma da namu

Kakanninmu ba su jira kowa ba kafin su san cewa sarki ba ya mulki shi kaɗai. Gobir tana da Tarar Gobir, manya tara masu zaɓen sarki. A Maraɗi, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi ke zaɓen Sarkin Katsina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya yi rubutu a kan sarakuna masu ɗora harajin zalunci da alƙalai masu cin hanci. Addininmu ya yi umurni da shawara, ya kuma yi umurni a rubuta bashi a gaban shaidu. Ƙaurar talakawan Rum ma mun san ta. Garuruwa nawa ne a Adar da Gobir aka kafa don mutane sun gaji da wani mai sarauta, suka ɗaure kaya suka sari sabon daji?

Maganar zanen aro kuwa, ku dubi Majiya. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, asalin itacen daga Indiya yake. Masara da rogo da gyaɗa daga Amurka suka zo. Wa ya taɓa ƙin tuwon masara don baƙuwa ce? Abin da ya karɓi ƙasarka, ya ciyar da ɗanka, ya zama naka.

Abin da za mu ɗauka

Abin jama'a yana nan kusa da mu: rijiya, burtali, makiyaya, kasuwa, rumbun tsimi, madatsar ruwa ta Ibohaman, itatuwan Majiya, tuddan da aka farfaɗo da su a Keita tun daga 1984. A 2004 aka zaɓi majalisun komin, shida a Madawa, bakwai a Buza, huɗu a Keita. A 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, kuɗin na jama'a ne. Ga abu huɗu da ya kamata mu tsaya a kansu.

Na ɗaya, doka a fili. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa, diyyar ɓarnar gona, ranar sakin gonaki ga dabbobi, a rubuta su a manna inda kowa zai gani. A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a rubuta mana da Hausa.

Na biyu, takarda a kan gona. Tun 1993 Nijar ke da dokar karkara, wadda ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo. In ka saya, in ka yi jingina, in ka ba da aro, in an ba ka kyauta, ka nemi takarda, ka sa a karanta ta a gaban shaidu kafin ka sa hannu. Shaidu suna mutuwa, takarda tana nan.

Na uku, lissafi. Duk wanda ya riƙe kuɗin rijiya, ko na ƙungiyar masu albasa, ko makullin rumbu, ya zo gaban taro ƙarshen shekara ya faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita. Wannan ba cin mutunci ba ne. Mai gaskiya, lissafi wanke shi yake yi. Kuma a sa wa kujerar wa'adi. Ma'ajin da ya shekara goma sha biyar ba a canza shi ba, ya fara ganin akwatin kamar gadon ubansa.

Na huɗu, kowa da bakinsa. Kuskuren Atina kada mu maimaita shi. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramukan dashe a cikin rana, sun biya kuɗin zama a taro da guminsu. Haka makiyayi, Bafillace ko Buzu, wanda burtalin nan hanyarsa ce. Taron da aka yi babu shi, rigimarsa tana jiran kaka.

Wani zai ce: "Mu da ba mu da ƙarfi, wa zai saurare mu?" Manoman Rum ma haka aka ce musu, kuma ba su da rediyo, ba su da waya, yawancinsu ba su iya ko harafi ɗaya ba. Ku kun fi su kayan aiki. Ranar taron gari mai zuwa, kada ka zauna a baya. Ka matso gaba, ka gai da manya da ladabi, sannan ka ce a karanta lissafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu jin magana. Amin.